Jiran Ƙarshen Duniya da Haƙƙin Baƙo

A watan Yulin 2022 'yan sanda suka fito da mutane 77, cikinsu har da ƙananan yara, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani coci a garin Ondo, inda aka killace su suna jiran dawowar Almasihu. A 2023 kuma aka tono gawarwaki sama da 400 a dajin Shakahola na Kenya, na mabiyan da aka umarta su yi azumi har mutuwa.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, littafin da jagororin nan ke ɗagawa bai koyar da kulle ƙofa ba. Linjilar Matiyu, sura 24, ta kore wa kowa sanin ranar. Sura 25 kuwa ta sanya saukar da baƙo cikin ma'aunin hisabi, kafaɗa da kafaɗa da ciyar da mayunwaci. Wasiƙar Bitrus ta fari ma, tana ambaton kusantowar ƙarshe sai ta zarce ga karɓar baƙi ba tare da gunaguni ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar Girkancin da Matiyu ya zaɓa, ksenos, ta fi jan hankalina. Tamkar "baƙo" take a Hausa: ta haɗa wanda ka gayyata da wanda ba ka taɓa gani ba. Na biyun nan shi ne mai wuya, domin ba ya rama gayya. A Binuwai da Filato, sau da yawa shi ne wanda aka ƙone wa ƙauye, ya iso da iyalinsa cikin dare ba ko tabarma.