Wasan Ƙarshe na Countdown da Tambayoyin da Yake Yi wa Ƙamusun Hausa

A farkon watan Maris na shekarar 2013 tashar talabijin ta Channel 4 da ke Birtaniya ta nuna wasan ƙarshe na gasar zakarun shirin Countdown, gasar da aka shirya domin bikin cikar shirin shekara 30. Conor Travers ne ya kara da Jack Hurst, dukansu tsofaffin zakarun shirin, aka tashi Travers yana da maki 146, Hurst yana da 111. Travers ya fara ɗaukar kambi ne tun a shekarar 2006 yana ɗan shekara 14. Mai kallo zai iya ɗaukar wannan karawa a matsayin nishaɗin yamma kawai, to amma ra'ayin da wannan maƙala take son ta kare shi ne, wasa irin wannan ba ya yiwuwa sai a harshen da masu shi suka amince da alƙali guda a kan abin da ake kira kalma da yadda ake rubuta ta. Saboda haka wasan ma'auni ne da manazarta Hausa za su iya gwada aikinsu da shi.

Asalin shirin daga Faransa yake. Armand Jammot ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1965 a matsayin wasan neman kalma mafi tsawo, sannan a 1972 aka ƙara masa ɓangaren lissafi, ya koma Des chiffres et des lettres, wato lambobi da haruffa. Turawan Ingila suka aro shi, kuma shi ne shiri na farko da Channel 4 ta nuna a ranar da ta buɗe, 2 ga Nuwamba 1982, Richard Whiteley yana gabatarwa. Wasa ɗaya yana da zagaye 15. A zagayen haruffa ɗan takara yakan zaɓi haruffa tara, yana cewa a ba shi baƙi ko wasali ba tare da ya ga abin da zai fito ba, bisa sharaɗin wasula kada su gaza uku, baƙaƙe kada su gaza huɗu. Daga nan sai a ba su daƙiƙa 30 kowa ya haɗa kalma mafi tsawo. Wanda kalmarsa ta fi tsawo shi ke samun maki daidai da adadin haruffanta, in kuwa ya yi amfani da dukkan taran sai a ninka masa, ya sami 18. A zagayen lambobi ana ɗaukar lambobi shida daga cikin 24, wato 25 da 50 da 75 da 100, da kuma 1 zuwa 10 kowace sau biyu, sai na'ura ta fitar da wani adadi mai lamba uku, a nemi kaiwa gare shi ta tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Zagaye na ƙarshe kalma ce mai haruffa tara da aka hargitsa, wanda ya riga warware ta ya ci maki 10.

Idan aka lura da wannan tsari za a ga cewa ɓangarorin biyu sun bambanta ta fuskar hukunci. Lissafi shi ke yanke wa kansa hukunci. Misali, a shekarar 1997 an ba wani ɗan takara mai suna James Martin lambobin 25, 50, 75, 100, 3 da 6, aka nemi 952. Ya tara 100 da 6 ya sami 106, ya ninka da 3 ya sami 318, ya ninka da 75 ya sami 23,850, ya ɗebe 50, ya raba da 25, sai ga 952 cif. Babu wanda zai yi gardama da wannan, ko Bature ne ko Bahaushe. Zagayen haruffa kuwa yana buƙatar wanda zai ce wannan kalma ce, waccan ba kalma ba ce. Wannan aiki na Susie Dent ne, masaniyar ƙamus da take zaune a shirin tun 1992, kuma ba da ra'ayinta take hukunci ba. Ƙamusun Oxford take dubawa, tana bin ƙa'idoji sanannu: ba a karɓar sunan yanka, ba a karɓar kalma mai karan ɗori, ba a karɓar rubutu irin na Amurka. A wasan ƙarshe, inda kalma ɗaya tak mai haruffa tara take iya raba gardama, kowane ɗan takara ya shigo ne da yaƙinin cewa abin da ke cikin littafin shi ne zai ɗaure shi ya kuma ɗaure abokin karawarsa. Ba abin mamaki ba ne da a baya aka daɗe ana ba zakaran shirin kyautar cikakken Oxford English Dictionary mai juzu'i 20.

Akwai sukar da ake yi wa irin waɗannan gasanni, kuma suka ce mai nauyi. Masu ita suna cewa gwanayen wasan haddar jerin kalmomi suke yi, da yawa ba su san ma'anarsu ba, don haka nasararsu ba ta nuna ƙwarewa a harshe. Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito daga wasan Scrabble, ɗan'uwan Countdown: a shekarar 2015 Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Scrabble a harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, ƙamusun wasan kawai ya haddace. Na yarda da wannan suka gwargwadon abin da ta shafa, wato ɗan takara. Sai dai ita kanta tana ƙarfafa batun da nake yi a kan harshe. Mutum ba zai iya haddace kalmomin harshen da ba ya ji ba sai in an riga an tattara su, an daidaita rubutunsu, an fayyace kowace siga da aka yarda da ita. Nasarar Richards shaida ce ta aikin masu ƙamusun Faransanci. A wannan shekarar dai ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Ingilishi a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, abin da ke nuna cewa ƙasarmu ba ta rasa masu wannan baiwa ba. Abin tambaya shi ne ko harsunanmu na gida sun shirya musu fage.

Bari mu ƙaddara cewa wata tasha a Kano ko Zariya ko Damagaram ta yi niyyar shirya irin wannan wasa da Hausa, ta zo wa sashen nazarin harshe da buƙatar a tsara mata ƙa'idoji. Tambaya ta farko za ta kasance a kan harafi. Kalmar makaranta haruffa tara ne ba gardama, haka ma jarrabawa. To kalmar tsuntsaye fa? In an ƙirga t da s daban-daban tara ne, ta ci maki 18. In an ɗauki ts a matsayin baƙi guda, kamar yadda muke koyarwa a darasin tsarin sauti, bakwai ne. Haka matsalar take ga sh da ky da gw da ƙw da fy. Sannan ga ƙugiya: dole ɓ da ɗ da ƙ su sami katinsu na kansu, in ba haka ba kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, za su zama abu ɗaya. Ga kuma baƙin farko na kalmar 'ya'ya, wanda ake rubutawa da 'y a Nijeriya, da ƴ a Nijar. Wanne za a buga a katin? Tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, zuwa kafa Hukumar Hausa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an yi ta ƙoƙarin daidaita rubutun boko, kuma an cimma abu mai yawa. Duk da haka wasa mai daƙiƙa 30 zai tono ragowar wuraren da muka bari a buɗe, domin a takarda marubuci yana iya kauce musu, a gaban alƙali kuwa sai an faɗi ɗaya.

Tambaya ta biyu ta shafi rabon baƙaƙe da wasula. Dokar wasula uku da baƙaƙe huɗu an gina ta ne a kan Ingilishi, harshen da yake cunkusa baƙaƙe uku a farkon gaɓa ba tare da damuwa ba. Gaɓar Hausa kuwa baƙi da wasali ce, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Haruffa tara masu wasula uku kacal da wuya su ba da doguwar kalma. Haka kuma wasalin a ya rinjayi sauran nesa ba kusa ba, kamar yadda makaranta da jarrabawa suka nuna, kowace da a huɗu. Kafin a yanke adadin katin kowane harafi sai an yi ƙididdigar yawan aukuwar haruffa daga tarin matani na gaske, jaridu da littattafai da rubutun intanet. Wannan aikin bincike ne sosai, irin wanda ɗalibin digiri na biyu zai iya ginawa a kansa, kuma amfaninsa ya wuce wasa, ya shafi tsara allon rubutu na waya da littattafan koyon karatu.

Tambaya ta uku ita ce mafi wuya, wato wace siga ce kalma. Ingilishi yana da jam'i mai sauƙin hasashe, shi ya sa ƙa'idar shirin ba ta da tsawo. Hausa tana da littafai da littattafai, hannaye da hannuwa, karnuka da karnai. Tana da azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara, inda saiwa ɗaya take ba da saya da sayi da saye da sayo da sayar da sayu, kafin a zo ga ninki irin su sassaya. Tana da mahaɗi da mallaka da ake liƙawa a jikin suna, ta yadda makaranta take zama makarantar, ta zama makarantarmu. In an karɓi duk waɗannan, ɗan takara zai riƙa tsawaita kalma da ɗafi kawai. In an hana, sai an faɗi inda iyaka take da dalilinta. Ga kuma karin harshe: Basakkwace da ya kawo ɗiya ko hwari, ko Badamagare da ya kawo lakwal, za a ce masa ba Hausa ya yi ba? Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano, amma hukuncin da zai kori sauran kare-kare a bainar jama'a hukunci ne mai nauyin siyasa, bai kamata a bar shi ga mai gabatar da shiri ba.

Daga nan sai batun littafin da alƙali zai buɗe. Ba mu rasa ƙamusoshi ba. Akwai na G. P. Bargery na 1934, wanda har yau babu kamarsa wajen yalwar kalmomi da kare-karen harshe, akwai na R. C. Abraham na 1949, akwai na Paul Newman na 2007, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake fassara Hausa da Hausa. Amma kowanne yana da iyakarsa a wannan fage. Na Bargery ya girmi rediyon transista, balle wayar salula. Mafi yawansu an rubuta su ne domin mai koyon Hausa ta hanyar Ingilishi. Na Bayero shi ya fi cancanta da kujerar alƙali, sai dai ƙamusun da ake hukunci da shi yana buƙatar sabuntawa a kai a kai, da sigar da za a iya bincikawa a kwamfuta cikin ƙiftawar ido, da bayani ƙarara a kan jam'i da sigogin aikatau na kowace shigarwa. Oxford ta kai matsayin da ta kai ne domin tana da ma'aikata na dindindin masu bin diddigin sababbin kalmomi. Mu kuwa mun saba ɗaukar ƙamus a matsayin aikin da ake gamawa, a ƙaddamar, a ajiye.

Akwai wani wuri da Hausa za ta iya gyara wasan ma, ta amsa sukar da aka ambata a baya. Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, rubutu ɗaya yakan ɗauki kalmomi da dama. Makaranta tana iya zama wurin karatu, tana iya zama jam'in makaranci. Gado yana iya zama na kwanciya ko na magada. Saboda haka ya dace a shar'anta wa ɗan takara ya furta kalmarsa da karinta, ya kuma sa ta a jimla. Da wannan sharaɗi haddar haruffa kaɗai ba za ta wadatar ba, sai an haɗa da sanin ma'ana, kuma wasan zai yi kusa da al'adunmu na kacici-kacici da zaurance da karin magana, waɗanda duk a baka ake gwada gwaninta a cikinsu. Zagayen lambobi ma yana da nasa amfani, domin tilas ɗan takara ya bayyana matakan lissafinsa da Hausa a gaban jama'a, abin da zai sa kalmomin lissafi su fita daga littattafan keɓaɓɓun kalmomi su shiga bakin mutane.

Shawarata ga sassan nazarin Hausa ita ce kada a jira tashar talabijin. Ana iya farawa da gasa tsakanin ɗaliban jami'o'i biyu ko uku, da kati da allo da agogo, da kwamitin malamai uku a matsayin alƙalai. Muhimmin abu shi ne a rubuta duk kalmar da aka yi jayayya a kanta, da hukuncin da aka yanke, da hujjarsa. Bayan zango biyu ko uku za a sami kundin matsaloli na zahiri da suka fito daga bakin masu harshen, wanda kwamitin sabunta ƙamus zai iya aiki da shi kai tsaye. Travers da Hurst sun zauna a gaban agogo suna dogaro da aikin da masu ƙamusun Oxford suka fara tun ƙarni na 19. Ɗalibanmu ma suna da haƙƙin samun littafin da za su dogara da shi haka, kuma samar da shi nauyi ne da ya rataya a wuyan sassanmu da cibiyoyinmu na nazarin harshe.