Kare Yana da Mai Shi, Sai Ranar da Ya Yi Cizo

Kwanakin baya wani magidanci daga wani ƙauye a yankin Malumfashi ya tsaya a tagar ɗakin maganinmu, riƙe da ɗansa wanda kare ya ciza a ƙauri. Da ya ji kuɗin allurar rigakafin haukan kare, sai ya yi shiru. Na tambaye shi: "Baba, karen wane ne?" Ya ce tun da abin ya faru kowa a unguwar ya ce ba nasa ba ne.

Wannan ɗabi'a nake ƙalubalanta. Daga Funtua zuwa Bakori da Kafur, mutum zai karɓo ɗan kwikwiyo don gadin gona ko farautar rani. Da an kwashe masara, sai a sake shi ya nemi abincinsa a bola. A can yake cuɗanya da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, ya dawo cikin yaranmu.

Wasu za su ce talakan da ke fama da kuɗin taki ina ya ga na allurar kare. Amsata ita ce, allurar kare sau ɗaya ce a shekara a ofishin likitan dabbobi, tun yana wata 3, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na jerin alluran da ake yi wa wanda aka ciza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu ta hanyar karnuka. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira.

Kare yakan kai shekara 10 ko fiye. Duk tsawon lokacin, cinsa da shansa da jinyarsa suna wuyan mai shi, har ranar da ya tsufa ya kasa gadi. Dabbar da ta kwana a sanyi tana tsare maka rumbu tana da hakki a kanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kada a shafa toka ko ganye, a garzaya asibiti a ranar. Mai karen kuma ya fito ya ɗauki nauyin magani. Wanda ba zai iya ba, ya bar kwikwiyon wurin uwarsa.