A Bakin Gaɓa Ake Yin Lodin

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai a Jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, za su taron Maulidi. Jirgin ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Gwamnatin Ganduje ta dakatar da jigila a hanyar, ta kafa kwamiti, aka yi ta'aziyya, aka watse.

Kowa ya ce lodi ne ya yi yawa. To, a ina aka yi lodin? A tsakiyar ruwa? A mashiga aka yi shi, ido na ganin ido, babu wanda aka ɗora wa alhakin cewa ya isa haka.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Abin da aka fara koya mana shi ne, kada ka bar manhaja ta haɗiye duk abin da aka zuba mata, tun daga ƙofa ake tantancewa. In ta rushe, wanda ya bar ƙofar a buɗe ake tuhuma. Ƙofar kogi kuwa ita ce mashiga, kuma tamu a wangale take.

Ba sai an je Bagwai ba. Ku leƙa mashigun yankinmu na Gwaram da Birnin Kudu in damina ta kankama. Yadda kakanninmu suka bar su haka suke, sai ma lalacewa da suka ƙara yi. Gaɓa tana zaftarewa duk shekara, masu ɗibar yashi sun bar ramukan da ruwa ke rufewa, leda ta cika bakin ruwan da ake wanki a shayar da dabbobi. Kwale-kwalen ya sha faci, yaro na kwarfe ruwa da kwano, ga babura, ga buhuna, ga mata da goyo. Rigar kariya ko ɗaya babu. Tashar mota, duk hargitsinta, tana da 'yan kamasho da suka san mutum nawa mota ke ci.

Za a ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ita, amma wanda ya karɓi kuɗin mutum talatin a jirgin mutum goma kada ya fake da ita. Za a kuma ce aikin hukumar NIWA ne. An kafa ta a 1997, hedikwatarta tana Lakwaja. Daga can za ta ƙirga fasinja a Farin Dutse?

Ƙaramar hukumar da ke iya turo mai yankan rasit duk ranar kasuwa tana iya tsayar da mutum ɗaya a mashiga. A rubuta adadin fasinja da fenti a jikin kowane jirgi. A ajiye rigunan kariya hannun sarkin ruwa. A hana fito bayan magariba. A daɓe gaɓar da dutse, wanda Allah Ya hore mana shi a wannan yanki. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, ku sa wannan a kasafin bana, tun kafin ruwa ya kawo.