Magani ya yi aiki, amma mari yana nan a ƙafa

A wannan wata za mu taɓo maganar da yawancinmu ba mu son a yi ta a zaure, wato maganar masu taɓin hankali, da yadda hukuma ke gane ko abin da take yi musu yana da amfani ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Bari mu fara da abin da ƙasar Gana take da shi. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda 3 ne: na Ankara wanda aka buɗe tun 1906 zamanin Turawa, da na Ankaful kusa da Cape Coast na 1965, da na Pantang na 1975. Duk ukun suna kudu, kusa da bakin teku. Mutumin Tamale ko Bawku ko Wa in ɗansa ya kamu, kafin ya yi tunanin kuɗin magani sai ya fara tunanin kuɗin mota. Da aka yi wani ƙidaya a kan shekarar 2011 da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, an tarar likitocin ƙwaƙwalwa 18 ne kacal a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 24 a lokacin, kuma abin da aka kashe wa wannan fanni bai wuce kashi 1.4 cikin 100 na kuɗin lafiya ba. To, in haka ne ina mutane za su je? Za su je inda suka saba, wurin boka, ko malami, ko sansanin addu'a na fastoci. A wasu daga cikin wuraren nan kuwa ana sa wa mara lafiya mari a ƙafa, ko a ɗaure shi da sarƙa a gindin itace, wani har watanni.

A 2012 majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, doka mai lamba 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. A 2017 shugaban hukumar ya ba da sanarwar hana ɗaure marasa lafiya. Doka dai ta yi kyau a takarda. Sai dai takarda ba ta kwance kowa, shi ya sa muke son mu tsaya a kan bincike guda biyu da aka yi a ƙasar nan, domin su ne suka je suka duba da ido.

Na farko, malama Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Gana da abokan aikinta suka yi shi a wani sansanin addu'a, aka buga sakamakon a 2018 a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila. Sun ɗauki marasa lafiya 139 da ke zaune a sansanin, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 71 aka riƙa ba su maganin asibiti tare da addu'ar da ake yi musu, 68 kuma aka bar su da abin da sansanin ya saba yi. Dalilin ƙuri'ar a fili yake. In ka bar likita ya zaɓa da kansa, zuciyarsa za ta kai shi ga waɗanda da ma suna kan hanyar samun sauƙi, daga baya ya ce maganinsa ne. Ƙuri'a kuwa ba ta san ɗan wane ba.

Bayan mako 6 aka auna. Waɗanda suka sha magani ciwonsu ya ragu fiye da na sauran, babu gardama. Da a nan aka tsaya, da an rubuta rahoto mai daɗi, an kira taro a otal an yi tafi. Amma masu binciken sun ƙirga wani abu na biyu, wato yawan kwanakin da kowane mara lafiya ya yi a ɗaure. A nan ne aka ga babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin gida biyun. Mutum ya daina surutai, ya daina jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya dawo cikin hayyacinsa, ga shi kuma har yanzu ƙarfe na ƙafarsa. A ganinmu wannan ya fi na farko ciwo, domin yanzu ya san abin da ake yi masa.

Me ya jawo haka? Mu dai abin da muka fahimta shi ne, mabuɗin marin ba a hannun likita yake ba. Yana hannun mai sansani, wani lokaci da yardar dangin da suka kawo mutumin. Wurin da ba shi da katanga, ba shi da isassun ma'aikata, tsoronsa kada mara lafiya ya gudu ya shiga daji ko ya faɗa titi a ce laifinsu ne. Wasu kuma sun ɗauki ɗaurin da azumin dole a matsayin wani ɓangare na warakar kanta. Ƙwaya ba ta canza ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manyan likitoci biyu, Vikram Patel da Kamaldeep Bhui, sun rubuta sharhi a mujallar a kan haka, inda suka nuna cewa magani kaɗai ba zai kwance mutane ba. An kuma sami masu tambaya ko ya dace a yi bincike a kan mutanen da ke ɗaure tun farko, kuma tambaya ce mai nauyi. Amma ba don an ƙirga kwanakin nan ba, da yanzu ana nan ana raba ƙwayoyi ana cewa an gama aiki.

Bincike na biyu ya fi girma. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagorance shi tare da abokan aiki na Kumasi, aka buga shi a mujallar Lancet a 2020, marasa lafiya 307 a Ibadan da Kumasi. Tunanin ba sabo ba ne a Afirka ta Yamma. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a gidajen mutane a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Abin da su Gureje suka ƙara shi ne awo. A wasu unguwanni sun haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da masu addu'a, ma'aikacin lafiya yana zuwa wurin a kai a kai yana duba mara lafiya yana ba da magani, mai wurin kuma yana ci gaba da nasa. A wasu unguwannin kowa ya tsaya a nasa ɓangaren. Bayan wata 6, marasa lafiyar da aka yi musu aikin haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi sosai.

Ɗauri da sauran abubuwan cutarwa fa? Sun ragu ƙwarai, amma a gida biyun duka, har ba a iya cewa haɗin gwiwar ne ya rage su ba. Masu binciken sun faɗi haka ƙarara, ba su yi wa shirinsu kwalliya ba, kuma wannan abin a yaba musu ne. Mu kuma ga namu zaton, zato ne ba hujja ba: wurin da baƙi suke zuwa da takarda da biro suna tambaya ko an ɗaure wani, mai wurin yakan fara jin nauyi. Duk wanda ya taɓa zama a makaranta ranar da aka ce sufeto na tafe ya san yadda tsintsiya ke fitowa daga inda ta ɓuya.

In zaton nan gaskiya ne, to maganar ta dawo kan hukuma. Dokar 2012 ta tanadi kwamitocin da za su riƙa ziyartar wuraren da ake ajiye masu taɓin hankali, da wata kotu ta musamman da za ta saurari kokensu. Sai da aka shafe shekara 10, a ƙarshen 2022, kafin a ƙaddamar da su. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, wadda ta fara fallasa lamarin a 2012, ta sake zagayawa wasu sansanoni ta tarar da mutane a ɗaure, shekara 5 bayan an ce an hana. Ai kwamitin da ba a ba shi mota da mai ba, sunansa kwamiti ne kawai.

Muna ganin rahoton shekara na ma'aikatar lafiya bai kamata ya tsaya a kan yawan gadaje da yawan waɗanda suka zo karɓar magani ba. Waɗannan suna da sauƙin ƙirgawa, shi ya sa ake son su. Muna son mu ga an rubuta mutum nawa aka tarar a ɗaure a kowane yanki, nawa aka kwance, kuma cikin waɗanda aka kwance nawa ne suka koma gona ko kasuwa ko makaranta bayan shekara guda. Tambayar nan ta ƙarshe ita ce uwar mara lafiya take yi, ba ta tambayar maki nawa ya samu a ma'aunin likita.

Mu ma mazauna zango kada mu ɗauka maganar fastoci ce kaɗai. Akwai gidaje a cikinmu da ke da ɗakin baya wanda ba a buɗe wa baƙo, kuma na cikinsa bai taɓa shiga littafin kowace nas ba. Asibitocin gundumomi da dama suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa waɗanda aikinsu ya haɗa da zuwa gida. Sarakunan zango da limamai su ne suka san ƙofofin nan, kuma su ne in suka shige gaba maigida zai yarda a shigo.