Mai Ƙorafi Yana Bukatar Ɗan Rakiya



Duk wanda ke zaune a Shehuri ya san ɓarnar da ambaliyar watan Satumbar 2024 ta yi bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Gidaje da dama sun rasa takardun fili, rasit na haya da takardun makarantar yara. Neman maye gurbinsu ya tona wata tsohuwar matsala tamu: mutum yana da gaskiya, amma bai san ofishin da zai dosa ba, bai iya rubuta koke da Turanci ba, ga tsoron kada a ce masa baƙo ne. Sai ya haƙura, ya bar wa Allah.

Alhali doka tana tare da shi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko garin asali. Wuraren kai kuka ma suna nan. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, wadda ba ta karɓar ko kwabo. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ta 1995, mai ofis a nan Maiduguri, da kuma hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta tun 1976.

Sai dai kowace tana da ƙa'idojinta. Hukumar koke-koke ba ta sauraron ƙorafin da ya wuce wata 12 da aukuwar abin, ko wanda yake gaban kotu, kuma tana son a fara kai kuka ga ofishin da ya yi laifin. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai san wannan ba, jinkiri kaɗai zai cinye haƙƙinsa.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne ƙungiya ta ware 'yan rakiya, maza da mata, domin tsofaffi, zawarawa da matan aure su samu wanda za su sake jiki da shi. Aikinsu su saurari mai ƙorafi, su rubuta abin da ya faɗa, su karanta masa ya amince, su raka shi ofis, su ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata.

Sharaɗi mafi girma shi ne ɗan rakiya ya zama mai cin gashin kansa. Kada ya kasance ma'aikacin wurin da ake ƙara, ko yaron ɗan siyasa, ko mai karɓar na goro. Ya riƙe sirri, ya bar wa mai ƙorafi yanke shawara. Idan sulhu yake so a gaban Bulama ko Lawan, a raka shi. Idan bai gamsu ba, a nuna masa mataki na gaba.

Muna kira ga malamanmu, 'yan fansho da ɗalibanmu su ba da sunayensu a taro mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sa mu dace, amin.