Korona ta wuce, har yau ba mu ƙidaya matattunmu ba

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. A nan gida sanarwar ba ta girgiza kowa ba, domin mun daɗe da cire takunkumin fuska, an kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofofin bankuna, kasuwanni sun koma cika kamar da. A littafin hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, mutum 3,155 ne cutar ta kashe a Najeriya cikin kusan 267,000 da gwaji ya tabbatar sun kamu. Da wannan adadi ake kafa hujja a majalisun hira, har da ofisoshin gwamnati, cewa annobar ba ta taɓa mu sosai ba. Gaskiya ne Allah ya sassauta mana idan aka dubi abin da ya sami Italiya da Indiya da Brazil, kuma mun gode masa. Sai dai 3,155 adadin waɗanda aka samu aka gwada ne kafin su cika. Wannan jarida tana ganin ƙasar nan ba ta taɓa zama ta yi lissafin abin da annobar ta ci mata na rai da dukiya ba, kuma hakan zai cuce mu ranar da wata ta zo.

Wanda yake Kano a watan Afrilun 2020 ba ya buƙatar a ba shi labari. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a jihar ranar 11 ga wata, kuma kafin wata ya ƙare masu haƙa kabari a Ɗandolo da sauran maƙabartun birni suna gaya wa 'yan jarida cewa ba su taɓa ganin gawa na shigowa haka ba. Su ne suka fara buga ƙararrawa, mutanen da ba su da digiri ba su da ofis, sai magirbi da shebur. Dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya: malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, 'yan kasuwa, limamai. A cikin waɗannan makonni aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba, sannan a farkon Mayu Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila ya rasu. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai lokacin da ake tsananin buƙatar gwaji kuma, ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki.

Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya fito da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar bin gidaje ana tambayar iyalan mamata: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana kyautata zaton korona ce ta kashe su ko ta taimaka. A ɗauki mafi ƙarancin kason, mutum kusan 490 ke nan cikin 'yan makonni. Amma adadin da aka rubuta wa Kano a hukumance, tun daga farkon annobar har ƙarshenta, bai kai 200 ba. Sauran rabin ma ba za a raba mutuwarsu da annobar ba, domin asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ƙofa saboda tsoro, mai ciwon suga da mai hawan jini da mace mai naƙuda suka rasa inda za su. Irin wannan mutuwa ba ta shiga kowane jadawali, amma gidajen da aka yi zaman makoki sun san ta.

Ba mu kaɗai ke da wannan giɓi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 mutum miliyan 14.9 suka mutu fiye da yadda aka saba, alhali abin da ƙasashe suka bayar a rubuce bai kai rabin haka ba. Bambancinmu da wasu shi ne su suna da rajistar mutuwa da za su koma su duba, su gano yawan da ya ƙaru. Mu kuwa kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake yi wa rajista. Wasu na ɗora laifin kan yadda muke gaggauta binne mamaci, mu ba mu yarda da wannan ba. Gaggauta jana'iza umarnin addini ne, kuma ba ya hana a rubuta suna da shekaru da irin ciwon da mutum ya yi a wani littafi a bakin maƙabarta. Da akwai irin wannan littafi a Kano, ana duba shi mako-mako, da an gane abin da ke faruwa tun kafin gawarwaki su yi yawan da ba a iya musantawa.

Sai batun kulle, wanda a nan ne talaka ya fi ɗanɗana kuɗarsa. An ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris ɗin 2020, Kano ta shiga nata kullen a tsakiyar Afrilu, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mata mako biyu ranar 27 ga wata, azumi yana kwanakinsa na farko. Tsarin zama a gida an yi shi ne don ƙasashen da ma'aikaci ke da albashi da firiji da ruwan famfo. A garin da yawancin mutane hannu baka hannu ƙwarya suke, ɗan dako a Kantin Kwari da ɗan garuwa da mai shayi da mai adaidaita sahu da matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida, ranar da ba a fita ba ba a ɗora tukunya. Da aka sassauta, aka ce a fita Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, sai jama'ar gari duka suka ɗunguma kasuwa lokaci guda, cunkoson da ake gudu ya ninka. Ba ma cewa kullen kuskure ne daga tushe, domin a lokacin babu rigakafi babu magani, kuma kowace gwamnati a duniya lalube take yi. Kuskuren shi ne an kulle mutane kafin a tanadi abin da za su ci. Da yunwa ta fito da su, aka tare su da kulki da bindiga. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce wanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin.

Abin da aka yi wa almajirai ma tabo ne da bai kamata a shafe ba. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu na asali, aka cusa yara a manyan motoci ana kai su daga jiha zuwa jiha a daidai lokacin da aka hana kowa tafiya. Da yawa daga cikinsu an same su da cutar bayan sun isa Kaduna da Jigawa, gwamnatoci suka shiga nuna wa juna yatsa. An yi alkawarin kawo ƙarshen barar yara da sanya su makaranta a gaban iyayensu. Duk mai fita titi yau ya san inda alkawarin ya kwana.

Ta fuskar kuɗi, bugun ya zo ta ko'ina. An tsara kasafin 2020 kan dala 57 kowace gangar mai, a watan Afrilu farashin ya faɗo ƙasa da dala 20. Tattalin arziƙi ya tsuke da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na shekarar, ƙasar ta shiga karayar arziƙi karo na biyu cikin shekara biyar. Kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma zuwa Maris ɗin 2021 hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 23 cikin ɗari. Amma kuɗi ma sun shigo. Asusun Lamuni na Duniya ya ba Najeriya rancen gaggawa na dala biliyan 3.4. Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziƙi na naira tiriliyan 2.3. Attajirai da bankuna ƙarƙashin gamayyar CACOVID suka tara biliyoyin naira, Babban Banki ya buɗe abin da jama'a suka riƙa kira bashin korona. An ce an faɗaɗa rajistar marasa galihu daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, a ƙasar da talakawanta sun haura miliyan 80.

Amsar inda tallafin ya maƙale ta fito a watan Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Jalingo da Yola da Legas da Kalaba. Suka tarar da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya jibge, watanni bayan kullen da aka tara su dominsa. Ba mu goyon bayan wawaso, kuma an yi asarar rayuka a turmutsitsin. Gwamnoni sun ce ajiya suka yi don zagaye na biyu na annobar, ko kuma suna jiran umarnin rabo. Magidancin da ya sha ruwa da gari a azumin shekarar ya ji wannan bayani, ya kuma ga buhunan da idonsa. A ranar ce amanar da ta rage tsakaninsa da hukuma ta ƙarasa karyewa.

Wannan karyewar amana ita ce asarar da ta fi daɗewa. Tun farko mutane da yawa sun ɗauki korona ciwon manya ne, ganin ta kama gwamnoni ta kuma kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilun 2020. Wasu suka ce hanyar cin kuɗi ce kawai. Ga kuma raɗaɗin rufe masallatan Juma'a, da azumi babu tafsiri a bainar jama'a, da Sallah babu hawa, da shekara biyu a jere, 2020 da 2021, babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga nan zuwa Hajji. A Nijar hana sallar jam'i ya jawo tarzoma a Mirya da Yamai. Mutanen Kano kuma ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba, abin da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Da rigakafin korona ya iso a Maris ɗin 2021, jita-jita ta riga shi zuwa ta WhatsApp. Ƙasashe masu arziƙi su ma sun ƙara dagula lamarin: suka kwashe alluran farko, suka turo mana ragowar da ta kusa lalacewa, har aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a Disamban 2021.

Yara sun biya nasu kason. Makarantu sun shafe kusan wata shida a rufe, darasin rediyo bai maye gurbin aji ba, na intanet kuwa sai 'ya'yan masu hali. Malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni babu albashi. Rigakafin yara na yau da kullum, wanda dama yake da rauni a Arewa, ya ƙara ja da baya. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, cutar da ke toshe maƙogwaron yaro, wadda allurarta ta daɗe a duniya kuma kyauta ake yin ta, Kano ce kuma ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu.

An samu abin kirki, kuma adalci ne a faɗa. Ɗakunan gwaji sun ƙaru daga 'yan ƙalilan zuwa fiye da ɗari. Likitoci da ma'aikatan jinya sun tsaya a bakin aiki, wasu ba su da isassun kayan kariya, wasunsu sun rasa rayukansu. Amma Boss Mustapha, wanda ya shugabanci kwamitin yaƙi da cutar, ya faɗa da bakinsa cewa bai san harkar lafiyar ƙasar ta lalace haka ba sai da aka ɗora masa aikin. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kai ko rabi a kai a kai ba. Likitocin da suka riƙe asibitoci a 2020 da yawa yanzu suna Ingila da Saudiyya.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su buƙaci cikakken bayanin kuɗin korona, abin da ya shigo da inda ya tafi, a buga shi kowa ya gani, har da halin da cibiyoyin killace majinyata da injinan iskar oksijin da aka saya suke ciki yau. Rajistar marasa galihu a gyara ta tun yanzu tare da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, domin ranar da za a sake cewa a zauna a gida abinci ya riga dokar isa. Jihohin Arewa kuwa, Kano a gaba, su haɗa kai da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su ajiye littafi a kowace maƙabarta, a ba masu kula da ita alawus na wata, a kuma ɗora wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma alhakin karɓar adadin duk ranar Juma'a ya aika sama.