Kafin a binne wayar lantarki a Tawa, a fara horar da masu shiga rami

Shekara goma da ɗoriya ke nan mutanen Takanamat suna jin labarin kwal ɗin da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙasarsu. A 2014 ne shugaban ƙasa na wancan lokaci, Issoufou Mahamadou, ya aza harsashin aikin Salkadamna, tare da alƙawarin tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 600. Gwamnati ta sauya, sunayen kamfanonin da ake ambata sun sauya, batun kuma bai mutu ba. Duk lokacin da aka taso da shi, lissafin megawat da biliyoyin kuɗi ake yi. Ba a cika jin wanda ya tambayi su wa za su ja wutar nan zuwa unguwanni ba, balle a tambaya ko an koya musu yadda za su yi aikin su koma gida da ransu.

Tambayar ba ta jiran Salkadamna. Aikin faɗaɗa layukan wuta ya daɗe da farawa. A ƙarshen 2015 Bankin Duniya ya amince da shirin NELACEP don ƙarfafa layukan rarraba wuta a manyan biranen Nijar, har da Tawa. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, a cikin jihar ta Tawa. A ƙarshen 2021 kuma aka amince da shirin Haské, na dala miliyan 300 da 'yan kai, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wuta a gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye yana ƙarewa ne a hannun wani saurayi da ya hau turke ko ya shiga rami.

Mafi yawan wayar da ake gani a Tawa da ƙauyukan Adar a sama take, kan turaku. Amma duk garin da ke girma sai ya fara binne wani sashe na wayarsa: inda layi ke fitowa daga tasha, inda zai tsallaka kwalta, inda gine-gine suka matse hanya har babu wurin kafa turke. Wanda ya ga yadda Tawa ta sauya fuska lokacin bikin Tahoua Sakola na 2017, da sababbin tituna da fitilunsu, ya san inda aka dosa. Binne waya yana da amfaninsa. Iskar farkon damina ba ta kayar da ita, babbar mota ba ta tsinka ta, masu jona wuta ta bayan fage ba sa kai mata hannu cikin sauƙi. Abin da ba a faɗa shi ne, haɗarinta wani iri ne daban, kuma gwanintar mai hawa turke ba ta wadatar da mai shiga rami.

Mai aiki a kan turke yana ganin abin da yake taɓawa. Zai iya bin waya da ido har inda aka katse ta, ya tabbatar da kansa cewa ta mutu. A cikin rami babu wannan. Wayoyi uku ko huɗu ne kwance gefe da gefe, baƙaƙe, kauri ɗaya, ƙura ta rufe su. An kashe ɗaya daga tasha mai nisan kilomita, sauran suna ɗauke da volt dubu 20 ko dubu 33. Babu abin da ido zai gani ya bambanta su. Ma'aikacin da ya ɗora zarto a kan wadda ba ita ba, ba girgiza kawai zai sha ba. Wuta ce ke tashi kamar walƙiya, zafinta na kai dubban digiri, ta narkar da tagulla ta watsa masa a fuska, a wurin da ba shi da inda zai ja da baya. Shi ya sa a wuraren da aka ɗauki aikin da muhimmanci, ba a yanka wayar ƙasa sai an gano ta da na'ura, sannan a huda ta da wani makami da ake sarrafawa daga nesa, ta yadda idan an yi kuskure ƙarfe ne zai ƙone.

Akwai kuma abin da ko wasu tsofaffin masu gyaran wuta ba su sani ba. Doguwar wayar ƙasa tana riƙe caji bayan an kashe ta, kamar batir. Sai an sauke cajin nan zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa ta. Sannan wuta na iya dawowa ta baya. Tun da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutane da dama suka koma ga janareta da farantan sola, kuma ko da aka dawo da wutar a 2024 ba su ajiye su ba. Tawa, kamar Maraɗi da Damagaram, ta dogara ne a kan layin da ke shigowa daga Katsina, don haka ta ji jiki. Janareta ɗaya da aka jona a shago ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, ya isa ya tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ya yi imani an kashe. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke ƙarfin wuta idan ta shigo ta sama, haka take ɗaga shi idan ta shigo ta ƙasa.

Maganin duk wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. Ƙa'idar da kamfanonin wuta na ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka gada ta tsara shi mataki-mataki: a raba layin da duk inda wuta ke shigo masa, a sa kwaɗo a makunnin a riƙe mabuɗi, a tabbatar cewa wayar da ke gaban ma'aikaci ita ce aka kashe, a gwada da na'ura a ga babu wuta, sannan a haɗa ta da ƙasa ta ɓangarorin biyu. A Faransa ma'aikaci ba ya kusantar irin wannan aiki sai da takardar izini da mai aikin ya sa wa hannu bayan horo, kuma takardar tana faɗin iyakar abin da aka yarda ya taɓa. Ba ta har abada ba ce, ana sabunta ta. NIGELEC, wanda aka kafa tun 1968, ya san wannan tsari, yana da injiniyoyi da ma'aikatan da aka horar a kansa.

Matsalar tana wajen waɗanda ba ma'aikatan NIGELEC ba ne. Babban aiki kwangila ake bayarwa. Babban kamfani ya karɓa, ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya je tasha ko bakin kasuwa da safe ya kwashi leburori, a yi jinga da su a kan kowace mita. Mutumin da ke riƙe da diga shi ne ya fi kowa kusa da wayar, shi ne kuma ya fi kowa rashin sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ba a ba shi takalmi ba, da silifa ya zo. Ba a nuna masa taswira ba. Tunda da mita ake biyansa, duk abin da zai rage masa sauri asara ce a wajensa. Idan tsautsayi ya faɗa masa, sunansa ba ya cikin rajistar CNSS, sai a yi ta'aziyya a ce kwana ne ya ƙare. Kwana na ƙarewa, gaskiya ne. Amma wanda ya tura mutum rami bai gaya masa akwai waya ba, ba zai fake da ƙaddara ba.

Kuma ba masu aikin wuta kaɗai ke haƙa ba. Masu shimfiɗa bututun ruwa suna haƙa, masu ja wayar intanet suna haƙa, masu gina magudanar ruwa da masu tushen gida duk suna haƙa, sau da yawa a gefen titi guda. Ƙa'ida ta ce a binne wayar wuta da zurfin da ya kusa mita ɗaya, a kwantar da ita cikin yashi mai laushi, a shimfiɗa jar raga a samanta don mai haƙa ya gan ta kafin ya kai ga wayar. Ja na wuta ne, shuɗi na ruwa, kore na wayar sadarwa. Bayani ne na minti biyu. Lebura nawa ne a Tawa aka taɓa zaunar da su aka gaya musu cewa idan diga ta fito da jar raga, a ajiye diga a kira shugaban aiki? Ga kuma ƙasar Adar mai duwatsu, wadda haƙa ta wahala ce, abin da ke jan ɗan kwangila ya rage zurfi idan babu mai dubawa. Ga ruwan damina da ke zaizaye gefen hanya. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, bai kamata wani ya ɗauka cewa abin da aka binne bara yana nan a zurfin da aka bar shi ba.

Wasu ƙasashe sun magance wannan da doka mai sauƙi. A Amurka akwai lamba 811 da ake kira kafin a haƙa rami, a zo a shata inda wayoyi da bututu suke. A Faransa, tun 2018, mai tuƙa motar haƙa a kusa da layukan ƙasa sai ya ci jarrabawa. Tawa ba ta buƙatar kwaikwayon wannan duka. Ya isa a ce ofishin magajin gari ba ya ba da izinin fasa titi sai mai aikin ya kawo takarda daga NIGELEC da kamfanin ruwa da ke nuna abin da ke wurin. Sai dai takardar ba za ta yi amfani ba idan taswirar tana cikin kan wani tsohon ma'aikaci da ke dab da ritaya. Duk ɗan kwangilar da ya binne waya, kada a biya shi kason ƙarshe sai ya miƙa taswirar inda ta bi, da zurfinta, da inda aka yi kowane haɗi.

Za a ce babu kuɗi, ƙasa na fama da matsalar tsaro, arewacin Tawa ma ya fi kowa sani, kuma abin da talaka ke so shi ne wuta ta zo, ba dogon sharaɗi ba. Hujjar tana da nauyi, amma lissafinta bai cika ba. Wayar ƙasa ba ta yawan lalacewa a tsakiya. Inda take mutuwa shi ne wurin haɗi da bakin da aka jona ta, wato daidai inda hannun mutum ya yi aiki. Wuƙa ta ɗan zarce ta karci rufin ciki, ƙura ko gumi ya shiga kafin a rufe, sai haɗin ya yi watanni yana ci a hankali, ranar da zafin watan Afrilu ya kai maƙura kowa ya kunna fanka, ya fashe. Wayar sama idan ta tsinke ana ganinta, a gyara cikin sa'o'i. Ta ƙasa sai an nemo wurin da na'ura, a fasa titi, a haƙa, unguwa na cikin duhu kwana da kwanaki. Kuɗin horar da mai haɗa waya guda bai kai kuɗin irin wannan gyara sau ɗaya ba.

Wuraren horon ma akwai su. Akwai EMIG a Yamai, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don ɗaukar nauyin koyon sana'a. Makwabta ma suna da nasu, kamar NAPTIN a Najeriya da cibiyar Bingerville a Kodibuwa. Abin da ya rage shi ne a sauko da horon inda ramin yake, kuma a yi shi da harshen da mai diga ke ji. Darasin da aka rubuta da Faransanci aka karanta a ɗakin taro na otal ba zai kai ga saurayin da ya bar makaranta a aji huɗu ba. A yi shi da Hausa da Tamajak, a fili, da guntun waya na gaske a hannu, a nuna masa yadda ake gwada safar hannu ta roba ko ta huje, da dalilin da ba a shiga ramin haɗi sai an bar iska ta shiga kuma wani na tsaye a sama. A koya wa kowace ƙungiyar aiki yadda ake danna ƙirjin wanda wuta ta tsayar wa zuciya, domin mintoci kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa, kuma daga Takanamat babu motar asibitin da za ta iso cikin mintocin nan.

Nan ne maganar ta shafi matasan Adar kai tsaye. Yanki ne da aka sani da tafiya bida: Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya. Da yawansu aikin gini suke yi a can, wasu ma sun ja waya sun haɗa allon wuta shekara da shekaru, amma sun dawo babu takarda ko ɗaya da ke shaida abin da hannunsu ya iya. Idan aka buɗe hanyar gwada su a ba su takardar izini, za a samu ma'aikata cikin watanni, ba shekaru ba. Idan ba a yi ba, ranar da aikin Salkadamna ya tashi da gaske, masu haɗa waya daga waje za a kawo su da albashi mai tsoka, 'ya'yan Takanamat kuma a miƙa musu diga.

Su ma 'yan bida da ke aiko da kuɗin gini gida suna da nasu kason. Gidaje da yawa ana ja musu wuta daga mitar maƙwabci ko daga shago zuwa cikin gida, a tura siririyar waya cikin tiyon ruwa, a binne ta da zurfin taki ɗaya a inda yara ke wasa kuma ruwa ke kwanciya da damina. Mai gidan yana Abijan, hoton bango da fenti kawai ake tura masa ta WhatsApp. Ya nemi a tura masa hoton ramin kafin a rufe shi, ya tambayi zurfinsa, ya tambaya ko an sa jar raga, ya kuma tambaya ko an saka makunnin nan mai katse wuta da kansa idan ta fara bi ta jikin mutum.